Daga Bakin Sikeli Zuwa Bakin Shago

Mu mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun zuwan Turawa ba mu taɓa yin noma babu wani babban kamfani a bayan kasuwarmu ba. Kakanninmu sun yi zamani da Bisije, ƙungiyar da masu masaƙun Ingila suka kafa a Mancesta a 1902 don su sami audugar da za ta rage musu dogaro da Amurka. Ita ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi, har yau kuma akwai unguwa a Funtuwa da ke amsa sunanta. Iyayenmu sun yi da hukumar ciniki ta Arewa da masu lasisinta. Mu da muka tasa a shekarun 1960 da 1970 mun riski ƙarshen wancan, muka kuma ga farkon wannan da ake ciki, zamanin da sunan Ɗangote yake a jikin buhun siminti da na sukari da na gishiri da na taki. Na ci abinci a zamanin kowanne, na kuma sha ƙasa a zamanin kowanne.

Gidanmu yana wani ƙauye ne tsakanin Bakori da Ƙafur. Baba yana noma dawa da gero don rumbu, auduga kuwa don aljihu. Kafin damina ta kankama akan kawo angurya ƙofar gidan mai unguwa a raba wa magidanta kyauta, iri mai kyau da aka riɓanya a gonar gwamnati ta Daudawa. Sai an gama shukar hatsi ake juyawa kan kaɗa, domin babu mai fara noma da abin da ba a tuƙa tuwo da shi. Idan sanyi ya shigo gona ta yi fari fat, mu yara da mata mu shiga cira da hantsi, bayan raɓa ta bushe. An gama cira, doka ce a tuge kara a ƙone don kada tsutsa ta ɓuya a ciki ta jira baɗi, malamin gona kuma yana zagayawa a kan kekensa ya ga wanda ya ƙi. Da kuɗin auduga Baba ke biyan haraji, har lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke shi tare da jangali a 1979, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Da kuɗin audugar nan ake aurar da 'ya, a sayi keke, a ɗinka kayan salla. Duk wanda ya ci bashi da damina, alkawarinsa ɗaya ne: sai an buɗe fuloti.

A farkon shekarun 1980, ina saurayi da takardar sakandare a hannu, wani Alhaji mai lasisin sayen auduga ya ɗauke ni malamin sikeli. A lokacin Funtuwa ji take da kanta. Da gwamnatin soja ta sake fasalin hukumomin ciniki a 1977, an kai ta koko Ibadan, ta gyaɗa Kano, ta auduga kuwa aka ajiye hedikwatarta a Funtuwa. Ga tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda tun ƙarshen shekarun 1920, ga injinan gurza, ga injin matse man angurya, ga kuma masaƙar Funtua Textiles, reshen rukunin UNTL na Kaduna wanda iyalan Cha na Hong Kong ke jan ragamarsa. In an tashi daga aiki, kekunan ma'aikata kan cika titi har mota ta rasa ta inda za ta bi.

Fuloti fili ne da aka kewaye, ƙofar shiga daban, ta fita daban. Tun asuba jakuna da amalanke ke jeruwa, kowane manomi ya ƙunso tasa a tsohon zane ko a ashasha. Kafin kaya su iso gabana sai sun bi ta hannun malamin auduga. Ya sa a zazzage a kan tabarma, ya zura hannu can ƙasa ya damƙo, ya buɗa a rana. Idan fara ce sol, babu ganye, babu wadda tsutsa ta ɓata, ya ce lamba ɗaya. Idan ya ga datti, ko dai mutum ya koma gefe ya zauna ya tsince, ko ya yarda da lamba biyu da ragin kuɗinta. Daga nan sai wurina. In rataya ƙunshin a ƙugiya, in jira allura ta tsaya cak, in faɗi nauyin da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, sannan in rubuta a littafi, in yago takarda in miƙa masa ya je wurin mai biya. Tsofaffi irin su Baba da laba suke lissafi, mu kuma an mai da mu kilo, saboda haka rabin aikina juya musu lissafi ne har zuciyarsu ta kwanta. Ranar da na fara, magana ɗaya Alhaji ya yi mini: "Yaro, allurar nan shaida ce. Abin da ta faɗa shi za ka faɗa, ko ubanka ne a gabanka, ko maƙiyinsa."

Ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Farashin da hukuma ke yankawa bai kai abin da take sayarwa a kasuwar duniya ba. Da rarar aka yi ayyuka da dama a Arewa tun zamanin Sardauna, amma daga gumin manomi aka cire ta. Akwai 'yan baranda masu bin matsattse har gida su saye tasa a wulaƙance, akwai kuma malaman sikelin da allurarsu ba ta tsayawa inda ya kamata. Duk da haka manomi ya san akwai iri, akwai mai saye, akwai kuma farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki baki ɗaya, aka ce kowa ya saya kowa ya sayar. Da farko manoma sun yi murna, don masu saye sun yi yawa, farashi ya ɗaga. Mu da ke bakin sikeli mu muka fara hango abin da ke tafe. Da aka rasa mai cewa lamba biyu, sai aka fara yayyafa wa auduga ruwa, a zuba yashi a tsakiyar buhu. Aka bar ashasha aka koma buhun leda, zaren leda ya riƙa shiga cikin auduga ya bi ta har masaƙa, a rina yadi ya ƙi karɓar rini. Iri ya cakuɗe, don kowa angurya yake saye inda ya samu. Cikin 'yan shekaru sunan audugar Nijeriya ya ɓaci a wurin masu saye na ciki da na waje.

Alhajina bai iya wannan kokawa ba, masu kuɗin banki sun fi ƙarfinsa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni zaurensa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Malam, ka ga yadda zamani ya juya. Ba ni da fulotin da zan sa ka. Ka yafe mini." Ya ba ni ɗan abin sallama, ya haɗa mini da sikelin da nake aiki da shi. Ina da mata da 'ya'ya ƙanana, ina haya a Funtuwa. Na zaga duk inda ake ɗaukar ma'aikata, har Kakuri a Kaduna, ko'ina sai in tarar da layin waɗanda suka riga ni. Babur ya tafi, rediyo ya bi shi, daga ƙarshe kuɗin haya ya gagara. Bayan sallar isha'i muka shiga ƙauye da kayanmu, don kada a ga malamin sikeli ya dawo a kan amalanke.

Baba bai yi mini jaje ba. Da gari ya waye ya ja ni wata gona da ke gangaren fadama, ya nuna mini iyakokinta da sanda, ya ce, "Ka daɗe kana auna na mutane. Noma naka a auna." Masara ya ce in sa, ya kuma san abin da yake faɗa. Daga 1975 zuwa 1980 gwamnati da Bankin Duniya sun gudanar da shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya kawo hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, da cibiyoyin sayar da taki, da irin masara mai yawan amfani. Kafin shi masara ta gefen gida ce, ta gasawa da damina. Bayansa ta shiga manyan gonaki, ta ture dawa gefe, ta mai da ƙasarmu rumbun da Kudu ke ci daga ciki. Sai dai masara ba ta san haƙuri ba, in babu taki ba ta yi. Ni kuwa ba ni da ko sisi. Uwargida ce ta kwashi adashenta, ta sayar da akuyarta, ta ajiye kuɗin a gabana ta ce, "Malam, ga wannan ka sayi taki. Rance ne fa, ba kyauta ba. Ka rubuta a littafin nan naka." Na rubuta, da kaka kuma na biya.

Gonar ta ciyar da mu, amma sikelin da littafin ne suka fitar da ni. Da rani nakan ɗauki sikelina in tafi kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtuwa. Manomi da tiya da buhu yake sayarwa, wakilan masu abincin kaji daga Ibadan da Legas kuwa da kilo suke saye, ana bukatar wanda ɓangarorin biyu za su yarda da bakinsa. Manoman da na auna wa auduga a da su suka riƙa cewa a kira wancan malamin. Daga awo na koma riƙe wa 'yan hatsi lissafi, waɗanda ke juya miliyoyi a ka amma ba su rubuta ko sisi. A ƙarshen shekarun 1990 ɗaya daga cikinsu ya tsaya mini na kama shago a Funtuwa, na fara da sukari da gishiri da fulawa, daga baya na ƙara da siminti da taki.

Ina bakin shagon nan na ga mutuwar masaƙu. An ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, atamfar Caina ta riƙa kwararowa ta Kwatano da Maraɗi da Jibiya ta cika Kantin Kwari. Wutar lantarki babu, baƙin mai ya yi tsada. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe tun 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. 'Yan garinmu da suka ƙare ƙuruciyarsu a Kakuri suka dawo da katifa da tukwane. Gonakin kaɗa suka koma masara da waken suya.

Daidai wannan lokaci ne suna ɗaya ya fara cika mini shago. Aliko Ɗangote, haifaffen Kano a 1957, jinin Alhassan Ɗantata ta wajen uwa, ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya ranta a dangi, yana sarin siminti da sukari da shinkafa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya juya daga shigo da kaya zuwa sarrafa su a gida: matatar sukari a Apapa, gishiri, fulawa, taliya, sai siminti a Gboko da kuma Obajana ta Jihar Kogi. Daga yamma kuma ga simintin Sakkwato, wanda ya koma hannun BUA na Abdussamad Rabi'u. Funtuwa mararraba ce, hanyar Zariya da ta Gusau da ta Malumfashi da ta Birnin Gwari duk a nan suke haɗuwa, saboda haka dare da rana tireloli ke ratsa mu. Yaranmu sun iya karanta sunayen nan a jikin mota kafin su iya karanta nasu.

Wanda yake son ya ga girman kamfani kada ya je Legas, ya zo ya zauna a bencin shagona daga asuba zuwa magariba. Mai shayi ne ke fara zuwa ya auni sukari, mai gidan burodi ya aiko a ɗaukar masa fulawa. Yarinya ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu, an aiko ta gishirin miya. Da hantsi birkila ya tsaya da mai amalanke. Mai ƙaramin tebur ya sayi mudu ɗaya na sukari, ya je ya ƙulla a leda ƙanana-ƙanana ya sayar wa wanda ba zai iya sayen ko gwangwani ba. Buhun ma ba ya mutuwa. Na taki a wanke a zuba masara, ko a farke a ɗinke su wuri ɗaya a yi shimfiɗar shanya barkono, ko rufin rumfa, ko jakar da almajiri zai rataya. Akwai gidan da ba a taɓa ganin jami'in gwamnati a cikinsa ba, amma babu gidan da buhun nan bai shiga ba.

Alherin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Mu da muka tashi a ginin ƙasa mun san wahalar yaɓe kowace shekara, mun san fargabar ruwan watan Agusta in katanga ta jiƙe. Mun kuma ji labarin 1975, da jiragen ruwa ɗauke da simintin waje suka cushe tashar Legas wata da watanni. Yau manomi ya sayar da masararsa da kaka, ya sayi buhu biyar ya buga bulo ya jera, baɗi ya ƙara, a kwana a tashi ga ɗaki. Samari da yawa sun sami abin yi, daga masu buga bulo da 'yan dako zuwa direbobin tirela da yaran mota. Ni kaina a cikin wannan ciniki na aurar da 'ya'yana, na sauke farali.

Amma mai riƙe littafi yana ganin abin da mai wucewa ba ya gani. A fuloti, kuɗi daga kamfani suke fitowa su bi ta hannuna su shiga aljihun manomi. A shago, daga aljihun manomi suke fitowa su bi ta hannuna su tafi. Abin da ke zama wurina a kan kowane buhu bai taka kara ya karya ba, sauran kafin magariba na tura wa wanda nake sari a hannunsa, shi ma ya tura gaba. Kamfanin da muka sani a da saye yake yi a hannunmu, na yanzu sayar mana yake yi. Sukarin da nake aunawa, akasarin ɗanyensa daga Brazil ake kawo shi a tace a Legas, alhali ga rake a fadamun Ɗanja da Bakori ana matse shi a yi mazarƙwaila. Kamfanin wancan zamani ba don ƙaunarmu yake saye ba, na yanzu ma ba don ƙinmu yake sayarwa ba, kowa riba yake nema. Sai dai garin da kullum saye yake yi, dole ya sami abin da zai sayar da daraja, in ba haka ba ya tsiyace yana cikin ɗakin bulo.

Wannan tunani ne ya kai ni noman rani. Na haɗa abin da na tara da rancen da na karɓa, na kama fili a wajen Ɗanja, inda tumatir ya zama sana'ar gari, na sayi injin ban ruwa. A farkon 2016 kowa na maganar kamfanin tumatir da Ɗangote ya gina a Kadawa ta Jihar Kano, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. Manoma suka ce to, ga babban mai saye ya dawo, an daina zubar da tumatir a bakin titi. Sai ga tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne toka-toka mai tashi da dare. Tsutsar takan shige tsakanin fatar ganye ta cinye cikinsa, ta huda 'ya'yan ta zauna, saboda haka duk maganin da ka fesa a waje yake tsayawa. Na tsaya a gonar da na bari kore shar, na tarar ta bushe ƙurmus, ka ɗaga tumatir ka matsa ya fashe da ruwa baƙi. Leburorina suka tsaya shiru, babbansu ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Ko na miya ba za a samu ba." A watan Mayu Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Kadawa kuma ya tsaya saboda babu abin niƙawa.

Samari na son ba da labarin faɗuwar Ɗangote don ƙarfafa wa juna gwiwa, kuma gaskiya ne ya faɗi ba sau ɗaya ba. Ya zuba kuɗi a masaƙa, shi ma atamfar waje ta kore shi ya rufe. Kamfaninsa na fulawa ya sayar wa Tiger Brands na Afirka ta Kudu a 2012, ya dawo ya saye, ya sake sayar wa Olam a 2019. Ga kuma tumatir. Darasin naci yana nan, ban musa ba. Amma iska ɗaya ce ta kaɗa rimi da karan dawa, rimi ya zubar da ganye, kara ya kwanta. Wanda ke da siminti da sukari da gishiri, in tumatir ya ƙi sai ya juya wani ɓangaren. Ni da tumatir ya ƙi, shagon ma sai da ya girgiza, don ba ni da kuɗin sake sari, ga masu bashi suna sallama.

Abin da ke tayar da ƙaramin mutum daban ne. Na ɗauki littattafan shagona na shekaru na tafi wurin babban ɗan kasuwar da nake sari a hannunsa, na ajiye a gabansa, na ce ga abin da ake bi na, ga abin da nake bi, ga abin da ya rage. Ya sa tabarau ya yi ta buɗawa, yana gwada wasu ranaku da nasa littafin. Can ya rufe ya ce, "Malam, wannan ya fi mini takardar fili. A loda maka kaya, in ka sayar ka kawo." Da kaka ta yi, manoman da na ba taki bashi suka riƙa zuwa da masara tun ban aika ba. Wani tsoho daga wajen Ƙafur ya kawo fiye da abin da nake bin sa. Na ce, "Baba, lissafin bai kai haka ba." Ya ce, "Ɗana, na sani. Kai ne ka taɓa kiran mahaifina ya dawo ya karɓi ragowar kuɗin audugarsa da ya manta. Riƙe, in ka miƙe ka biya." Ni har na manta da zancen. A hankali na biya kowa.

Shekarun da suka biyo baya ba su bar kowa ya huta ba. 'Yan bindiga suka hana noma a manyan gonakin Faskari da Sabuwa da Ɗandume, a watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, sai mutum ya hau mota ya nufi wajen Zariya kafin ya kira mai kaya ko ya tura kuɗi. A watan Maris na 2022 aka buɗe kamfanin takin yuriya na Ɗangote a Lekki, mai iya yin tan miliyan 3 a shekara, amma shekarar ce yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin taki a duniya. Aka cire tallafin mai a 2023, naira ta sake faɗuwa. Buhun NPK da gwamnati ta sa a kan naira 5,500 a 2017 ya ninka sau da yawa, siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Da aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024, masara ta faɗo warwas, har aka kai buhunta ba ya sayen buhun taki. Na ga magidanta sun tsaya a ƙofar shagona suna lissafi da yatsu, su juya su tafi su shuka dawa.

Ba wai masu saye sun ƙare ba ne. Kamfanin WACOT na rukunin TGI yana gurzar auduga a Funtuwa, Olam ya buɗe babban injin abincin kaji a Kaduna a 2017, masara da waken suyarmu na zuwa can. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina don a farfaɗo da nomanta. Amma yawancin cinikin ta hannun 'yan tsakiya yake bi, da kaka, lokacin da kowa ya matsu, kuma manomi ba ya sanin farashi sai ya sauke kaya a kasuwa. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024, abin murna ne, amma tasha ba ta zaɓar abin da za a loda mata. In ba mu da abin fitarwa, sai ta zama wata sabuwar ƙofar shigo mana da kaya.

Yanzu shagon yana hannun babban ɗana. Ni na koma riƙe wa wata ƙungiyar manoman yankinmu littafi. Muna tara masara da waken suya a sito ɗaya, kowa a auna nasa a gabansa a rubuta, makullai uku a hannun mutum uku. Wanda ya matsu da kaka ƙungiya ta ba shi rance a kan kayansa, don kada ya karyar. Taki ma a dunƙule muke sara. Mun aika samarinmu masu boko wurin wakilan manyan masu saye da buƙata uku: su ba da iri mai kyau, su rubuta farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba tun kafin shuka, a kuma yi awo a fili. Mu kuma mun ɗauki alkawarin kaya masu tsabta, babu tsakuwa babu danshi, wanda aka kama ya yi algus a fitar da shi daga ƙungiya. Sun ce za su duba. Kafin su gama dubawa, ƙauyuka biyu na maƙwabta sun nemi a shigar da su, kuma mai saye ya fi sauraron wanda ya zo masa da lodin tirela goma a kan wanda ya zo da buhu biyu a bayan babur.